Daga ƙasan adaka zuwa allon waya

Shagona ɗan ƙarami ne, a wani layi da ke bayan titin Gidan Zoo a Kano. Kwamfuta biyu ce a ciki, sai sikana ɗaya, firinta, da wata kyamara da na daɗe ina lallaɓawa. Mu uku ne: ni, da ƙanena mai kula da shafukan intanet da muke gina wa mutane, da wani yaro da mahaifinsa ya kawo mini shi koyon sana'a. Da hoton fasfo da buga katin biki na fara. Aikin tsofaffin hotuna daga baya ya shigo, amma yau shi ya fi cin lokacina, shi kuma na fi ƙauna.

Sakataren wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne ya buɗe mini wannan ƙofa. Dattijo ne, ya shigo da jakar bakko cike da albam-albam, ya zauna ya share gumi, ya ce, "Malam, mun biya an yi mana shafi, amma 'yan ajinmu sun ce ba ya buɗuwa. Sai dai su ga abu yana ta juyawa har datarsu ta ƙare." Ƙanena ya duba. Hoto arba'in ne a shafi ɗaya, kowanne nauyinsa ya kai megabait 5, an ɗora su yadda suka fito daga sikana ba tare da an taɓa su ba. Ka lissafa, megabait 200 ke nan mutum zai sauke kafin ya ga fuskokin abokan karatunsa. Waɗannan kuwa mutane ne 'yan fansho, wani yana Gumel, wani yana Malumfashi, wani yana ƙauyen da sai an fita bakin titi ake samun sabis. Wannan tun kafin farkon 2025 ke nan, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Yau kam hoto mai nauyi a shafi cuta ce kai tsaye ga mai kallo.

Muka sake aikin daga tushe. A shafin farko muka jera ƙananan hotuna masu faɗin fiksel 400, kowanne bai wuce kilobait 30 ba, duka arba'in ɗin megabait ɗaya da ɗan ɗoriya. Wanda ya ga nasa ya taɓa, sai babban ya buɗe masa. Bayan kwana biyu dattijon ya kira ni, ya ce wani abokinsa da suka rabu tun suna samari ya ga hoton ajinsu ya kira shi yana kuka.

To mene ne fiksel ɗin nan? Haka nake yi wa yaron shagona bayani. Ka ɗauki hoton kwamfuta kamar tabarmar kaba mai ado: daga nesa zane kake gani, in ka matso sai ka ga ƙananan gidaje ne a jere, kowane gida da launinsa. Kowane gida shi ne fiksel. Girman hoto a allo ba da inci ake auna shi ba, da yawan gidajen nan ne, nawa a faɗi, nawa a tsawo. Inci yana shigowa ne kawai lokacin da za ka kwafo hoton daga takarda ko za ka mayar da shi takarda. A sikana kana zaɓar digo nawa za ta ɗauka a kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6, irin wanda aka fi wankewa a ɗakunan hoto, in ka ɗauke shi a digo 300 zai ba ka fiksel 1200 da 1800. In ka ɗauke shi a 600 zai ba ka 2400 da 3600, wato fiksel miliyan 8 da dubu 640. Kowane fiksel yana cin bait uku, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, don haka fayil ɗin da ba a matse ba zai kusa megabait 26.

Har yau akwai masu zuwa su ce mini, "A mayar mini da shi 72, an ce shi ne na intanet." Wannan magana tana da asali. Allon kwamfutar Macintosh ta farko da kamfanin Apple ya fitar a 1984 digo 72 ne a inci, daga nan lambar ta maƙale a bakin masu aikin zane. Amma manhajar buɗe intanet ba ta duba wannan lamba. Hoto mai faɗin fiksel 1600, ka rubuta masa 72 ko ka rubuta masa 300, girmansa ɗaya a waya, nauyinsa ma ɗaya. Na sha nuna wa mutane da idonsu, don gani ya kori ji.

Ƙa'idar shagona da ba na sassauci a kanta ita ce ta uwa da 'ya'ya. Duk hoton da ya hau sikana, fayil na farko da ya fito shi muke kira uwa. A digo 600 nake ɗaukar ta, in ajiye ta a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai. Ko hoton baƙi-da-fari ne, da kala nake ɗauka, saboda tsufan takarda da tabon da ke jikinta sun fi sauƙin gyara in launukan suna nan. Uwa ba a gyara ta, ba a yanke ta, ba a rage ta. Daga jikinta ake fitar da 'ya'ya: ɗaya na shafi, ɗaya ƙarami na jeri, ɗaya na bugawa in an buƙata. Ɗa in ya lalace, ko in bayan shekara biyu ƙanena ya ce shafin yana son wani girma dabam, sai a koma wurin uwa a sake fitarwa.

Da hawaye na koyi wannan. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya taɓa kawo mini hotunan mahaifinsa sama da ɗari, tun daga na fatauci har na aikin Hajji, irin waɗanda ake ɗauka a gaban labule mai zanen Ka'aba. Kwana huɗu ina sikanin. Da na gama na mayar masa da takardunsa, sai na buɗe wata manhaja mai rage hotuna da yawa a lokaci ɗaya, na ce ta mayar da su faɗin 800. Ban nuna mata wata folda ta dabam da za ta zuba sababbin ba. Ta rage su, ta ɗora su a kan na asali. Laifina ne, ba na kowa ba, gaggawa nake a gama kafin a ɗauke wuta. Ban ma lura ba sai bayan watanni, da Alhajin ya dawo yana so a buga masa guda uku manya ya rataya a falo. Na ce ya sake kawo takardun, minti goma aikin zai ɗauka. Ya yi shiru, sannan ya ce ɗakin da adakar take ya zubar da ruwa a damina, albam biyu sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Abin da ya rage na waɗannan hotuna a duniya shi ne 'yan ƙananan da na rage. Bai yi mini faɗa ba, "Allah Ya sa haka ya fi alheri" kawai ya ce, kuma wannan ya fi faɗa zafi a wurina. Tun daga ranar, uwa tana zama a wuri uku: a kwamfutar shago, a faifan ajiya da nake tafiya da shi gida, da filash ɗin da nake miƙa wa mai hoto hannu da hannu. Foldar uwaye kuwa a kulle take, ko ni sai na buɗe ta da gangan.

Kafin hoto ya hau gilashin sikana ma akwai aiki. A gaban mai shi nake ƙirgawa, in rubuta a littafi, ya sa hannu. Hotunan da ake kawo mana sun sha wuya. Akwai wanda gara ta ci gefensa, akwai wanda kyankyaso ya lashe fuskarsa, akwai mai tabon manja, akwai wanda danshin damina ya sa wa fumfuna. Albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda ya yi tashe a gidajenmu, shi ya fi ɓarna, don danƙon yana bushewa ya riƙe bayan hoton, ya bar masa layi-layi ruwan ƙasa. In ya ƙi fita ba na ja, shafin gaba ɗaya nake ɗorawa. Wanda ya manne da gilashin firam ma ba na ɓamɓarewa, domin fuskar mutumin za ta bi gilashin ta bar takardar fara. Da kyamara nake ɗaukarsa, fitila biyu a gefe da gefe a karkace don kada haske ya dawo. Su kuma masu kai hoto a yi masa laminetin da niyyar adana shi, ina roƙonsu su daina. Zafin injin da danƙon ledar sun shiga jikin hoton ke nan, ba mai sake raba su.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gabarmu. Ƙwayar ƙura ɗaya a gilashi, a digo 600, farin tabo ce a goshin mutum. Bayan kowane hoto biyar yaron yana hura gilashin da ɗan famfon roba ya goge da ƙyalle mai laushi. Na hana shi hurawa da baki, na hana shi taɓa fuskar hoto da yatsa.

Kuma kowane hoto sai mun juya bayansa. Sau da yawa abin da ke baya ya fi na gaba daraja: hatimin ɗakin hoton da ya ɗauka, galibi na Sabon Gari, ko kwanan wata da biro, ko suna da ajami. In akwai rubutu, bayan ma yana hawa sikana, ya samu lamba ɗaya da gaban.

Sai ragewar kanta. Ga hoton da zai cika shafi, faɗin fiksel 1600 nake ba shi. In ka rage mai 3600 da 2400 zuwa 1600 da 1067, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin biyar na fiksel ɗin farko, huɗu sun tafi. Manhaja tana haɗa maƙwabtan gidaje ne ta fitar da matsakaicinsu, shi ya sa hoto kan ɗan yi laushi bayan ragewa, sai a ɗan ƙara masa kaifi. Kaɗan nake nufi. In ya yi yawa za ka ga farin zare ya zagaye hula da kunne, ƙwayar fim ta fito kamar an watsa yashi. Jerin aikin ma yana da muhimmanci: gyaran haske da tabo a babban kwafi, sannan ragewa, sannan kaifi, sannan ajiyewa sau ɗaya tak.

Dalilin sau ɗayan shi ne halin JPEG, tsarin ajiye hoto da ke matse shi don ya rage nauyi. Tsarin ya fito a 1992, kuma dabararsa ita ce ya yanka hoto gida-gida, fiksel takwas da takwas, ya zubar da abin da ido ba zai yi saurin kamawa ba. Duk lokacin da ka buɗe ka gyara ka sake ajiyewa, sai ya sake zubar da wani abu. Kamar tuwon da ake ta ɗumamawa ne. Ni a wajen 80 nake tsayar da ma'aunin inganci, hoton ya fito tsakanin kilobait 200 da 350, ido kuma ba ya bambance shi da na 100 a allon waya. Yanzu ƙanena ya fi son tsarin WebP, wanda Google ya fitar a 2010, don ya fi sauƙin nauyi a inganci iri ɗaya, kuma manhajojin buɗe intanet na yau duk suna karanta shi. Tsarin PNG kuwa na tambari ne da rubutu, in ka sa hoton mutum a ciki nauyi kawai za ka tara. Launi kuma a sRGB, ma'aunin launin da aka saba da shi a intanet, muke barin sa, in ba haka ba jan da ka gani a shago ba shi mai kallo zai gani a wayarsa ba.

Wasu za su ce ai WordPress, manhajar gina shafukan intanet, da kansa yana ragewa. Gaskiya ne, tun 2019 duk hoton da ya wuce fiksel 2560 yana rage shi, yana kuma yanka ƙananan kwafi. Amma injin bai san wane ne a hoton ba. Ƙaramin kwafinsa mai kusurwa huɗu daidai daga tsakiya yake yankowa, ko da zai raba rawani da mai shi.

Nan ne aka fi samun saɓani da masu aiki. Hoton da aka ɗauka a tsaye, mutum da babbar rigarsa daga hula har takalmi, sai a ce a sa shi a saman shafi inda gurbin yake dogo a kwance kamar allon talla. Hanya biyu ce ga mai gaggawa: ya ja hoton ta gefe har dogon mutum ya koma gajere mai faɗin fuska, ko ya yanke sama da ƙasa ya bar ƙirji. Duka biyun ba na yi. Ja da hoto ƙarya ce a kan halittar mutum, kuma 'ya'yansa za su gane nan take ko da ba su san abin da ya canza ba. Akwai ɗan hoton sarƙa tsakanin akwatin faɗi da na tsawo a manhajojin gyaran hoto irin Photoshop da GIMP, wanda ke sa faɗi da tsawo su canza tare, na ce wa yaron duk ranar da ya cire sarƙar nan ya san ya taɓa mutuncin wani. Abin da nake yi shi ne in nemi wani hoton da gurbin ya dace da shi. Ga ƙungiyar wasu 'yan kasuwa, hoton dalar gyada muka sa a sama, jere da leburori suna hawa da buhuna, ya zauna daram don shi dama a kwance yake. Hoton shugabansu na farko kuma muka ba shi wurinsa a ƙasa, a tsaye, cikakke.

Hoton aji ko na taro shi ma ba a yi masa awon kowa. Takarda ce mai inci 8 da 10, mutum sittin a layi huɗu, kowace fuska ba ta fi ƙwayar wake ba. In ka mayar da shi faɗin 800, fuskar kowa ta koma fiksel ashirin da wani abu, babu mai gane kansa. Alhali dalilin da ya sa mutum ya buɗe shafin ke nan, yana neman kansa ne a layi na uku. Irin wannan nakan bar shi a 2400 ko fiye, ko da nauyinsa zai kai kilobait 800, amma ba ya sauka sai an taɓa shi. Wani lokaci in yanka shi layi-layi, kowane layi da sunayen mutanensa a ƙasa. Sunayen nan kuwa sai an zauna da dattawa. Mun taɓa kwashe yini guda da mutum uku a shago suna gardama a kan wani yaro mai kunne a ƙarshen layi, har sai da aka kira wani a Zariya ya raba.

Hotunan kala na shekarun 1970 da 1980 yawancinsu sun koma ja. Rini uku ne a jikin takardar, rawaya, da ja mai ruwan hoda, da shuɗi mai ratsin kore, kuma ba tare suke kodewa ba. Shuɗin ya riga tafiya, jan ya mamaye. Ana iya dawo da su sosai in akwai abin da ka tabbata fari ne a hoton, kamar rawani ko farar shadda, ka auna sauran da shi. Amma ba na kai su har su zama kamar jiya aka ɗauka. Baƙi-da-fari ya fi juriya, domin shi ƙwayoyin azurfa ne ba rini ba, sai dai ka ga gefensa yana sheƙi kamar madubi in ya tsufa.

Yankan jarida kuwa wata duniya ce. Mutane suna kawo guntun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko New Nigerian ta Kaduna da ta fara a 1966, inda kakansu ya fito. Wani ya kawo mini na hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, yana nuna mini wani mahayi cikin ayari. Hoton jarida ɗigo-ɗigon tawada ne a jere. In ka rage shi kai tsaye, jerin ɗigon ya ci karo da jerin fiksel, sai wani zane kamar saƙar taliya ko ramin zuma ya bayyana a kan fuskoki. Maganinsa a ɗauka da digo mai yawa, a ɗan dusashe shi har ɗigon ya narke, sannan a rage. Takardar hoto mai gurza-gurza da aka yi yayi a hotunan aure ita ma haka take yi.

Abubuwa biyu ƙanana da suka sha ba mu wahala: sunan fayil ba ma sa masa ƙ ko ɗ ko ɓ, ba ma barin fili a tsakani, don wata sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, tana rikita su hoton ya ɓace. Hausar da ƙugiyoyinta a bayanin ƙasan hoto muke sa ta. Wanda kuma zai turo hoto daga nesa ta WhatsApp, muna cewa ya turo shi a matsayin fayil, wato Document, domin in ya bi ta hanyar hoto ana matse shi don sauƙin data.

Akwai abin da ya fi duk wannan lissafi nauyi a wurina. Albam na gida ba don duniya aka tara shi ba. A ciki akwai amarya ranar kamu, akwai mai jego da ɗankwali a kafaɗa, akwai matan da tsawon rayuwarsu baƙo bai ga fuskarsu ba. Ɗan da ya kawo jakar yakan ce a ɗora duka. Nakan ware irin waɗannan gefe in ce, "Alhaji, waɗannan a tambayi su Hajiya tukuna." Sau da yawa washegari sai a kira a ce a cire. Uwar fayil ɗin tana nan a filash ɗinsu, amma shafi bai gan ta ba. Haka in hoton da waya aka ɗauko shi a gida, muna goge bayanan da ke ɓoye a cikinsa, don wani lokaci har wurin da gidan yake suna nunawa.

Masu kawo aiki da yawa suna ganin danna maɓalli ɗaya ne, shi ya sa ciniki kan yi tsauri. Ba na jin haushi. Kujera nake ba mutum ya zauna ya ga yadda ake cire tabo ɗaya daga kumatun mahaifiyarsa ba tare da an taɓa kumatun ba. Bayan minti ashirin shi da kansa yake daina neman ragi.

Ragewa dai tana da sauƙi, ƙarawa ce ba ta yiwuwa, kuma ita aka fi roƙona. Wata Hajiya ta zo da jikanta, iyalinsu suna haɗa shafin tarihin gidansu. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da hoton fasfo guda ɗaya, milimita 35 da 45, da rabin hatimi a kusurwarsa. Shi ke nan abin da ya rage na mahaifinta. Jikan ya riga ya ɗauke shi da waya ya sa a wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya nuna mini yana murna. Hoton ya fito tas, babba, fata sumul, ido yana ƙyalli. Na miƙa wa Hajiya wayar. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan kyakkyawan mutum ne, amma ba Baba ba ne."

Na ɗora na asalin a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai na ga dalili. Mahaifinta Bagobiri ne, da tsagarsa a kumatu biyu daga gefen baki. A ɗan ƙaramin hoton layukan sun dusashe, manhajar ta ɗauka karce ne a takarda ta share su. Ta gyara masa hanci, ta buɗe masa idon da yake ɗan lumshe. Irin waɗannan manhajoji ba tono abin da ke cikin hoto suke yi ba, cike gurbi suke da abin da suka koya daga fuskokin wasu mutane. Na ga sun share bille, na ga sun share 'yan baka, na ga sun mayar da zanen hula wani abu da ba mai ɗinki da ya taɓa yi. Tsagar nan kuwa yanzu ba kasafai ake yi wa yara ba, galibi a irin waɗannan hotuna jikoki za su gan ta.

Na ce, "Hajiya, ba zan iya ƙara abin da babu ba, amma abin da ke nan zan fito da shi duka." Na ɗora fasfon a digo 1200, ya ba ni fiksel 1654 da 2126. A 300 da 413 da 531 kawai zan samu. Ba wai takardar tana da bayani mai yawa haka ba ne, amma duk ɗan abin da take riƙe da shi ya shigo. Na ɗaga hasken kumatu a hankali, na cire tabon tsatsar ƙusar da aka maƙala shi da ita, na bar hatimin a wurinsa. Ban taɓa fuskar ba. Da na rage shi zuwa faɗin 600 don shafi, laushin ya ragu, layukan suka fito, ba da kaifi ba amma ana ƙirga su.

Jikan ya ce, "Kawu, ai bai kai wancan kyau ba." Hajiya ba ta amsa masa ba. Ta matso da kujera, ta ɗora yatsa a allon kwamfutar tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Yaron shagona ya ɗago zai ce kada a taɓa allo, na yi masa alama ya bari. Da ta gama ta ce, "Ɗana, a buga mini guda bakwai, kowane ɗaki ɗaya." Na buga su a inci 4 da 5, girman da hoton zai iya ɗauka. Fasfon kuma na sa mata shi a 'yar ambulan ta takarda, ta mayar da shi bakin mayafi ta ƙulle.